Takardar Juyin Inna

Shekara goma sha shida ina aikin nas a ɗakin mata na asibitinmu. In aka tambaye ni abin da ya fi tsare ran wanda ya kwanta ba ya iya motsi, ba zan ce allura ba, ba zan ce ƙarin ruwa ba. Juyi ne. A juya shi dama, bayan awa biyu a juya shi hagu, a ja zanen gado kada ya tattare a ƙarƙashinsa. In ba a yi haka ba, nauyin jikinsa zai danne fatar da ke kan ƙashi har jini ya daina zuwa, naman ya mutu, gyambo ya buɗe. Aikin minti uku ne. Ku riƙe minti ukun nan, don a kansa aka ci amanar tsohuwa a gidanmu.

Inna, uwar mijina, shekara ɗaya da rabi ta yi a kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye. Magana ta ƙwace mata, sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar, amma hankalinta garau, idonta yana bin duk wanda ya shigo. Ɗakinta bango ɗaya ne da shagon Maigida, wanda gyaran agogo ne sana'arsa. Akwai wani babban agogon bango a shagon da ke bugawa kowace awa, har cikin ɗakinta ake ji. Ƙanwar Maigida, Auta, tana gidan wuni guda, tana sayar da takalma ta waya. Yayarsu kuma, wadda kowa ke ce wa Yaya, a bayan layinmu take aure, kuma kullum bayan azahar sai ta zo ta riƙe hannun Inna ta yi mata addu'a.

Duk tsawon kwanciyar nan fatar Inna ko ja ba ta yi ba. Asibiti kusa yake, tafiyar minti biyar. Da safe in yi mata wanka in juya ta, ƙarfe goma in sato jiki lokacin hutun shan shayi in ruga in sake juya ta, ƙarfe biyu in tashi aiki in ɗauko 'yan matana daga makaranta, sauran wunin kuma tana hannuna. Ban taɓa ƙorafi ba. Tsohuwar ta riƙe ni da mutunci lokacin da take da ƙafa.

Sai Babbar Sista, shugabarmu a asibiti, ta kira ni ofis ta ce za ta ba ni shugabancin ɗakuna uku, riƙon ƙwarya na mako shida, in na yi kyau in sa hannu a tabbatar da ni. Aikin tebur ne: jadawalin ma'aikata, odar kaya, taro kan taro, daga takwas na safe zuwa shida na yamma, ba fita.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so. Ƙafafuna sun gaji da kumbura. Kuma shekara nawa ina zagin masu ofis a zuciyata saboda katifun da suka lotse da safar hannu da ke ƙarewa tsakiyar mako, ga shi an ce zo ki gyara. Amma na faɗa wa mutanen gida gaskiya: in na karɓa, ba mai juya Inna daga takwas zuwa shida.

Maigida har da dariya. Ya ce mutum uku a gida, manya, za su kasa juya tsohuwar da ba ta kai buhu nauyi ba? Ya ce shi dama ya gaji da in dawo gida ina warin maganin wanke miki, mutane suna cewa matarsa mai kwashe bahaya ce. Yaya ta ce ai uwarsu ce, ba sai an roƙe su ba. Auta ta ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Na koya musu sau uku, a gaban idona kowa ya yi. Sannan na ɗauko irin takardar da muke rataya wa a ƙafar gadon majinyaci, na manna a bayan ƙofar Inna, na ɗaura biro da zare. Ƙarfe takwas zan bar ta rigingine, an tokare ta da matashi, don Auta ta ba ta abinci. Ƙarfe goma Auta ta juya ta dama. Sha biyu Maigida, hagu. Ƙarfe biyu Yaya, dama. Huɗu Auta, hagu. Ƙarfe shida a mayar da ita rigingine don abincin yamma. Wanda ya juya ya yi maki a gurbinsa a jikin takardar. Ni da kaina na tsara haka, kuma ban hango ramin da na haƙa ba: yadda na bar ta da safe, haka ya kamata in same ta da yamma, ko an juya ko ba a juya ba.

Makon farko na ji daɗin ofis, Allah ya yafe mini. Ga fanka, ga kujera mai juyawa. Na samo wa ɗakin mata sababbin katifu shida da aka yi wata takwas ana jan ƙafa a kansu. Kullum da rana a kawo mini takardun juyi na ɗakuna uku, in duba, in ga maki ya cika, in sa hannu. In na dawo gida in leƙa bayan ƙofar Inna, nan ma maki ya cika. Sai in ce alhamdulillahi.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. A rana ta tara, ina goge mata baya, na ga ja a kwankwasonta, daidai kan ƙashi, faɗin tafin hannun jariri. Na danna da yatsa na ɗaga. Fata mai lafiya tana yin fari ta dawo. Wannan ba ta canza ba.

Na tambayi Auta. Ta ce wallahi tana juyawa, ga takarda nan in duba. Na tambayi Maigida, ya ce wataƙila zafin gari ne. Yaya ta ce jikin tsufa ne, kowa ya daɗe a kwance haka yake yi, kamar ita ce ta yi shekara sha shida a asibiti. Na durƙusa a gaban gado na ce, Inna, ana juya ki da rana? Ta dube ni, ta dubi ƙofa inda Auta ke tsaye, ta gyaɗa kai.

Na yarda, don ina son in yarda. Na ɗora wa katifa laifi, na canza ta. Na canza man shafawa, na ƙara mata abinci mai gina jiki. Na roƙe su kada a bar ta rigingine fiye da rabin awa. Kowa ya ce to.

Mako na uku wurin ya yi bororo ya fashe. Na wanke, na rufe da bandeji, na ce a daina kwantar da ita rigingine sam in ba lokacin abinci ba. Auta ta ce ai da ta gama ba ta take juyawa. Mako na huɗu gefen mikin ya yi baƙi. Inna ta fara ƙin abinci, da na taɓa wurin sai ta runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya na fuskarta, don ɗaya gefen ya daina komai. Ɗakin ya fara wani wari da hancina ya sani. Yaya ta sayo turaren fesawa.

A ofis kuwa hankalina ya rabu biyu. Ana taro a kan rabon hutun ma'aikata, ni ina kallon agogon hannuna: yanzu goma, yanzu sha biyu. Na gwada fita sau biyu, sau biyun ana aiko a kira ni tun ban kai bakin ƙofar asibiti ba. In na buga waya Auta ta ce yanzun nan ta juya ta. Babbar Sista ta lura, ta ce kowace shugaba sai ta koyi sakin hannu, ba za ki iya taɓa kowane majinyaci da kanki ba, dole ki yarda da mutanenki da takardarki. Magana ce ta gaskiya, a asibiti.

Ranar Alhamis ta mako na shida na tuna wata dabara da wata tsohuwar nas ta taɓa yi mana muna ɗalibai. Na yagi 'yar takarda na rubuta: "Wanda ya juya Inna zai ga wannan. Ya kira ni yanzu, akwai magana." Na ninke ta, na tura ta tsakanin zanen gado da kafaɗar Inna, inda ba ƙashi, inda duk wanda ya ɗaga ta ko da kaɗan sai ya gani. Inna tana kallona ina yi. Ta kama rigata da hannunta mai lafiya, ta girgiza kai. Na cire hannun a hankali na fita.

Ban taɓa yin wuni mai tsawon wannan ba. Na ajiye wayar a kan tebur, fuskarta sama. Ƙarfe goma ta wuce. Na ce wataƙila Auta tana da mai sayen takalmi. Sha biyu ta wuce. Na duba ko wayar ce ta mutu, lafiyarta lau. Ƙarfe biyu aka kawo mini takardun juyi na ɗakuna uku, maki reras kamar an yi da inji, na riƙe biro na kasa sa hannu. Ƙarfe huɗu na fara addu'ar Allah ya sa sun gani sun yi fushi ne suka ƙi kira. Da fushinsu zan iya.

Shida da kwata na shiga gida. Ban cire takalmi ba na wuce ɗakin Inna. Bayan ƙofa maki biyar, kowa da irin hannunsa. Na tura hannu ƙarƙashin kafaɗarta. Takardar tana nan inda na bar ta, a ninke, ta jiƙe da gumi har tawadar ta bazu. Jikin Inna kuwa zafi kamar garwashi.

Na kira su duka. Yaya ba ta tafi ba, tana tsakar gida tana hira. Maigida ya shigo da gilashin duba agogo a goshi, yana tambaya lafiya. Na miƙa masa takardar ya karanta, ya miƙa wa Yaya, Yaya ta miƙa wa Auta. Ba wanda ya tambayi inda aka samo ta.

Sai uzuri ya fara zuba. Auta ta ce ita fa da ta taɓa Inna sai ta yi nishi, tausayi ne yake kama ta, kuma ta ɗauka Maigida yana yin na sha biyu, tsallake ɗaya ba zai yi komai ba. Maigida ya ce shi namiji ne, bai dace ya riƙa taɓa jikin mahaifiyarsa ba, ya yi shiru ne tun farko don kada a ce ya ƙi, kuma shago ba ya barin mutum. Yaya ta ce duk lokacin da ta zo Inna tana barci, zunubi ne a tashi mara lafiya, ga ciwon bayanta da kowa ya sani. Na ce to makin fa? Auta ta ce sun ga ina dawowa a gajiye, ba su so hankalina ya tashi. Wato don ni suka yi. Na gode.

Na ce tun yaushe? Auta ta ce makon farko dai sun yi.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ba ya barin mutum ya ɗaga murya. Na sa safar hannu. Na ce wa Maigida ya cire agogon hannunsa ya duba, ya faɗa mini in na gama. Na naɗe hannun Inna a ƙirjinta, na lanƙwasa gwiwarta, na sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, na jawo ta gare ni, na tokare bayanta da matashi, na sa wani tsakanin gwiwoyi, na ja zanen gado ya miƙe.

"Minti nawa?"

Ya zuba wa agogon ido.

"Kai ne mai agogo. Minti nawa?"

"Biyu da rabi," in ji shi.

Sannan na ɓare bandejin. Wata guda ina faɗa musu akwai miki, ba wanda ya taɓa cewa mu gani. Auta ta toshe hanci ta yi ƙofa, na ce ta dawo. Yaya ta fara salati tana kau da kai. Ramin ya isa a sa dunƙulen hannun yaro, kuma a can ƙasansa akwai wani abu fari da ba nama ba ne. Maigida ya tambaya mene ne farin. Na ce ƙashin uwarka ne.

Kafin magariba muka kai ta asibiti. Likita ya duba, ya yi mini wani irin kallo, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce ƙwayar cuta ta shiga jini. Aka ba ta gado na huɗu a ɗakin mata, a kan ɗaya daga cikin katifun da na samo.

Ranar Litinin mako shida ya zo ƙarshe. Babbar Sista ta ajiye takardar tabbatarwa a gabana, ta ɗora biro a kai. Ta riga ta ji labari. Ta ce in yi tunani: tsohuwa tana hannun asibiti yanzu, akwai masu juya ta, ni kuma a kujerar nan zan amfani mata sittin, ba ɗaya ba. Ta ce irin wannan dama ba ta ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu ga mai shekaruna, akwai mutum biyu a layi. Duk na san haka. Na yi tunanin ƙafafuna, na yi tunanin 'yan matana da suka fara alfahari a makaranta cewa uwarsu tana da ofis. Amma in Inna ta tashi, gidan nan za ta koma, ga mutanen nan uku, daga takwas zuwa shida. Na ce a mayar da ni ɗakin mata, aikin safe.

"Kin san ba laifinki kike biya ba?" in ji ta.

"Na sani. Amma ba mai biya in ba ni ba."

Da na faɗa a gida, Maigida ya yi fushi, ya ce na kunyata shi, ya riga ya gaya wa abokansa. Auta kuwa ajiyar zuciya ta yi, ta ce gara haka, kowa da abin da Allah ya hore masa. Da yamma na tarar ta ɓare takardar juyin daga bayan ƙofa ta jefa a kwandon shara. Na ɗauke, na warware, na adana.

Kwana goma sha ɗaya Inna ta yi a gado na huɗu. Duk awa biyu ina kanta, in na tashi aiki abokan aikina su karɓa. Lokacin ziyara 'ya'yanta sukan zo da kwanuka, su kewaye gado, Yaya tana kuka har majinyatan gefe suna cewa Allah ya ba mu 'ya'ya masu jinƙai irin waɗannan. A rana ta takwas, da hantsi, zazzaɓin ya ɗan sauka, idonta ya washe. Na gama juya ta ina gyara matashi, sai abin da ke cina ya fito. Na ce, Inna, ranar da na tambaye ki, me ya sa kika gyaɗa kai? Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

"'Ya'yana ne," ta ce.

Ban sake tambayarta komai ba. Bayan kwana uku, da rana tsaka, ta cika, tana kwance a gefen dama, zanen gadonta a miƙe.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Ina kicin ina zuba ruwan sha na ji muryar Yaya ta taga, tana ba wasu mata labari a hankali. Tana cewa su ba su san aikin asibiti ba, abin da aka ce su yi sun yi daidai gwargwado, amma gida da nas guda sukutum a ce gyambo ya ci tsohuwa, ai ka san ofis ne ya ɗauke wa wasu hankali. Matan suna cewa Allah ya kyauta, matan yanzu sai a hankali. Laifi tudu ne. Takardar tana cikin jakata, maki ɗari da wani abu, hannun kowa a bayyane. Na sa hannu na taɓa ta. Sai na tuna tsohuwar da ta kwanta awa goma a kan ƙashinta kullum, tana jin agogon ɗanta yana buga goma, yana buga sha biyu, yana buga biyu, amma ta gyaɗa kai don kada a ga laifinsu. Na ɗauki tiren ruwa na kai wa baƙi.

Kujerar an ba wata, kuma tana ƙoƙari. Ni ina ɗakin mata. In ɗalibai suka zo, ranar farko nakan nuna musu takardar nan da ta cika da maki, in ce su faɗa mini yadda majinyaciyar take. Sukan ce ai wannan ta sami kulawa. Sai in kai su bakin gado in ce su sa hannu su taɓa jikin majinyaciya da kansu.

Ni da Maigida muna nan, muna gaisawa, muna maganar makarantar yara. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Amma tun mako guda bayan rasuwar, babban agogon shago ya daina bugawa. Yana tafiya daidai, ƙarar ce kawai babu. Ƙaramar 'yata ta tambaye shi a gabana, ya ce lalacewa ya yi. Ta ce to Baba ka gyara mana. Ya sunkuyar da kai a kan agogon wani da ke hannunsa, ya ce wannan ba ya gyaruwa.